Kamfani zai koya min tuƙin tirela a Amurka ba tare da na biya ba: in sa hannu ko in dakata?

Sabon Shiga, Bronx:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar yayyena da suka riga mu shiga harkar manyan motoci. Aikin kai saƙo nake yi da ƙaramar mota, kuma duk abin da na samu kuɗin haya da inshora ke lashewa. Na cike fom ɗin wani babban kamfanin tireloli a intanet, kafin in ajiye wayar wata mata ta kira ni. Ta ce su za su biya kuɗin bas zuwa makarantarsu, su ba ni masauki, su koya min har in karɓi lasisin tuƙin manyan motoci, wato CDL, ajin A na tirela, ban biya ko sisi ba. Sharaɗinsu ɗaya ne, in yi musu aiki na shekara guda. Ta ce akwai gurbi ranar Litinin mai zuwa, in ban amsa ba wani za a ba. Ina da iyali, kuma ba ni da dubban dalolin da makarantun kuɗi ke nema. In tafi ko in dakata?

Ɗan Maraɗi, Greensboro:
Wa alaikumus salam. Dakata tukuna, ƙanena. Gurbin Litinin ba ya ƙarewa, kowane mako sabon aji suke buɗewa. Aikin matar nan shi ne ta cika bas da mutane, a kan haka ake biyan ta. Ka ce ta turo maka takardar yarjejeniyar gaba ɗayanta ta imel, ka karanta kana zaune a ɗakinka. In ta ce sai ka iso can za ka gani, kada ka hau bas ɗin. Mu sai da munka sha doguwar tafiya a Greyhound, munka sauka a jihar da ba mu san kowa ba, sannan anka jibge mana takardu anka ce mu sa hannu kafin azahar. Wa zai tsaya karatu a wannan hali, alhali ko kuɗin komawa gida ba ya da shi? Kuma ka sani tun yanzu, bashi ne za su ɗora maka, ba kyauta ba ce.

Alhaji Mai Tirela, Columbus:
Ɗan Maraɗi, bi a hankali, kada ka firgita yaro tun bai fara ba. Ni ta wannan ƙofa na shiga, yau ga ni da motata ta kaina, ina ciyar da gida biyu, na nan da na can, alhamdu lillahi. Wanda ba shi da kuɗin makaranta ina kake so ya nufa?

Sabon Shiga, ɗana, ga abin da nake so ka yi kafin ka amsa wa kowa. Abu na farko likita. Babu mai tuƙa babbar mota sai da katin lafiya daga likitan da ma'aikatar sufuri ta amince da shi. Mafi tsawon katin shekara 2 ne, mai hawan jini kuwa a kan ba shi na shekara 1, wani ma na wata 3. Ka je ka yi wannan gwajin a nan New York da kuɗinka. Na sha ganin mutum ya bar aikinsa, ya yi sallama da iyali, ya isa can aka auna jininsa aka ce ya koma, kuma shi zai nemi kuɗin mota.

Na biyu, famit ɗin koyo. Jarrabawa ce ta rubutu kashi uku: ilimin gaba ɗaya, birkin iska, da mota mai jan tirela. Littafin kyauta ne a shafin ofishin lasisi na jiharka. Doka ta ce sai famit ya kwana 14 a hannunka kafin ka shiga gwajin tuƙi. In ka je da shi a aljihu, ka rage wa kanka rabin fargaba.

Na uku, gwajin ƙwaya. Wiwi halal ce a dokar New York, amma a dokar tarayya haramun ce ga direban babbar mota. Na san kai ba ka sha, amma ka kula da magungunan da ake aiko mana daga gida, musamman na tari mai kodin. Tun watan Janairun 2020 akwai rumbun bayanai na tarayya da ake shigar da sunan duk wanda ya faɗi gwajin, kuma kowane kamfani sai ya duba shi kafin ya ɗauke ka.

Sabon Shiga, Bronx:
Allah Ya saka da alheri, Alhaji. Ban san zan iya yin famit ɗin da kaina ba. Yaya Ɗan Maraɗi, kai me ya faru da kai daga baya?

Ɗan Maraɗi, Greensboro:
Makarantar kanta ba ta kai wata guda ba. Mu da yawa a kan mota ɗaya, kana tsaye cikin sanyi kana jiran layi ya zo kanka, ka yi ribas sau biyu ko uku a ce sauko. Abin da sunka koya mana shi ne yadda za mu ci jarrabawa, shi ke nan. A wannan lokacin babu albashi. Sunka ba mu ɗan kuɗin abinci, ashe shi ma rance ne. Da na fara aiki sai na ga ana cire kuɗin makaranta, da na masauki, da na abincin nan, kowane mako. Akwai makon da abin da ya shigo asusuna bai isa cefanen gida ba, ga mai gidan haya yana kira. Matata ce ta riƙe gidan da aikinta. Wannan shi ne abin da mai iyali ya kamata ya lissafa: watanni biyu ko uku na farko kusan babu abin da zai shigo.

Baban Ikram, Houston:
Salamu alaikum. Ni ba direba ba ne, aikina cike wa mutane takardun haraji, kuma direbobi na cikin masu zuwa wurina da yawa, don haka na ga irin waɗannan takardu. Abin da Ɗan Maraɗi ya faɗa ba shi kaɗai ya sama ba, har kotu an je a kansa. Akwai shari'ar wani direba mai suna Montoya da kamfanin tireloli na CRST a kotun tarayya ta Boston. Direbobin sun sa hannu cewa za su yi aiki na wata 10, wanda ya bari kafin lokacin a bi shi bashin dala 6,500, alhali abin da kamfanin ke biyan makarantun da suka koyar da su bai kai rabin haka ba. An sasanta wani ɓangare na ƙarar a kan dala miliyan 12.5. A ƙarshen 2023 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa idan direbobi biyu suna mota ɗaya, lokacin da mutum ya shafe a gadon bayan mota fiye da awa 8 a yini, aiki ne da dole a lissafa shi wajen biyan mafi ƙarancin albashi.

Don haka Sabon Shiga, idan takardar ta zo, ga inda za ka sa ido. Nawa ne bashin a rubuce? Yana raguwa da kowane wata da ka yi, ko kuwa wanda ya bari a wata na sha ɗaya zai biya daidai da wanda ya bari a makon farko? Idan su suka kore ka, ko ka faɗi jarrabawa, ko rashin lafiya ta kama ka, bashin na nan? Akwai kuɗin ruwa a kai? Yaushe shekarar take fara ƙirguwa, ranar da ka isa makaranta ko ranar da aka ba ka mota kai kaɗai? Wasu ma ba da watanni suke ƙirgawa ba, da mil suke yi, kuma su ne masu ba ka lodin da zai kawo mil ɗin. Sannan ka nemi sakin layin da ya hana ka yi wa wani kamfani aiki kafin wa'adin ya cika. Wannan ya fi bashin ciwo, domin yana iya sa wanda zai ɗauke ka ya ja da baya don gudun rigima.

Alhaji Mai Tirela, Columbus:
Malam Baban Ikram, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma a yi wa kamfanonin adalci. Mutum ya ɗauko ka ba ka san komai ba, ya damƙa maka motar da kuɗinta ya haura dala dubu ɗari, ya biya inshora mai tsada saboda kai sabo ne, ka goge masa tirela a jikin katanga ya gyara. In babu sharaɗi, kowa zai karɓi lasisi ya gudu washegari. Kuma ƙananan kamfanonin da ke biya da kyau ba kasafai suke ɗaukar sabo ba, masu inshorarsu sun fi son mai shekara ɗaya ko biyu a kan hanya. Ko da kuɗinka ka yi makaranta, wurin waɗannan manyan za ka koma ka fara.

Baban Ikram, Houston:
Haka ne Alhaji, amma akwai bambanci babba. Wanda ya zo da lasisinsa, ranar da aka cuce shi zai iya ajiye makulli ya koma wani kamfanin. Wanda aka ɗaure da bashi ba shi da bakin magana, kuma mai raba lodi ya san haka. Ƙungiyar kamfanonin tireloli ta Amurka ta ce a 2021 ana ƙarancin direbobi 80,000. Ita wannan ƙungiyar kuma alƙalumanta sun daɗe suna nuna cewa a manyan kamfanonin dogon zango, yawan masu barin aiki a shekara yana kai wa kusan kashi 90 cikin 100 na adadin direbobin. Ƙungiyar direbobi masu motar kansu, OOIDA, ta daɗe tana cewa matsalar ba ta rashin direbobi ba ce, ta rashin iya riƙe su ce. Ni ina tare da su a kan wannan. Kamfanin da ya san sabon aji na zuwa kowace Litinin ba shi da dalilin lallashin na hannu.

Maman Hanif, Atlanta:
Assalamu alaikum. Ina ta karantawa, kowa na maganar kuɗi da takarda, babu wanda ya taɓo wurin da rai yake. Ƙanena, bashi ana biyan sa. Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan tsari shi ne makonnin da za ka yi da mai koyarwa bayan ka karɓi lasisi.

Za a haɗa ka da mutumin da ba ka taɓa gani ba, ku zauna a ɗakin da bai kai bayan gida girma ba, dare da rana, na makonni. Gado biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Wataƙila yana shan taba, wataƙila ba ya son tsayawa wanka, wataƙila bai taɓa zama da baƙar fata ko Musulmi ba. Wannan duk ana iya haƙuri da shi. Matsalar ita ce a kamfanoni da yawa ana biyan mai koyarwa a kan duk mil ɗin da motar ta yi, har da wanda kai ka tuƙa. To me zai fi masa riba? Motar ta yi ta gudu ba tsayawa, kai kana tuƙi shi yana barci a baya, shi yana tuƙi kai kana ƙoƙarin barci a gadon da ke jijjiga. Ni haka aka bar ni da sitiyari cikin dare a kan babbar hanya ta 80 a Wyoming, iska na kaɗa tirela, ƙanƙara a kwalta, labule a rufe a bayana. Mota mai nauyin fam 80,000, wato wajen tan 36, da tirela mai tsawon ƙafa 53. Addu'ar da na yi a daren nan Allah kaɗai Ya san yawanta.

Kuma ku sani, dokar horaswa ta tarayya da ta fara aiki ranar 7 ga Fabrairun 2022 ta tsaya ne a kan karatun da ake yi kafin lasisi. Ta ce sai makarantar na cikin rajistar FMCSA, hukumar tarayya mai kula da lafiyar tuƙin manyan motoci, sai ka ci kashi 80 a darasin aji, amma ba ta ƙayyade yawan awannin da za ka yi a bayan sitiyari ba. Wanda za a haɗa ka da shi bayan lasisi kuwa, kamfani ne ke zaɓensa yadda ya ga dama. Akwai masu koyarwa da su kansu ba su cika shekara a kan hanya ba, ba su taɓa ganin hunturu biyu ba. Ka tambayi matar nan: mai koyarwa zai zauna a kujerar gefe yana kallona, ko barci zai yi? Shekara nawa ake bukata kafin mutum ya zama mai koyarwa? In ba mu jitu ba, za a canza min shi, kuma za a biya ni a kwanakin jira?

Abu Sumayya, Minneapolis:
Hajiya, Allah Ya ƙara tsarewa. Ki yi haƙuri da tambayata, ba don in ɓata miki ba. Mace ita kaɗai da namijin da ba muharraminta ba a cikin mota na makonni, yaya kika yi da wannan?

Maman Hanif, Atlanta:
Tambaya ce mai kyau, Malam, ba ka ɓata min ba. Na ce musu mace nake so, kuma na samu, amma sai da na yi zaman jira mai tsawo saboda mata masu koyarwa kaɗan ne. Ita ce ma mai barcin da na ba ku labari. Batun yana da sarƙaƙiya. Hukumar EEOC, mai yaƙi da wariya a wurin aiki, ta taɓa kai CRST ƙara a 2007 a madadin mata da yawa da suka ce masu koyarwa sun ci zarafinsu, ko da yake kotu ta yi watsi da mafi yawan ƙarar saboda yadda aka shigar da ita. Kamfanin Prime kuma ya kafa dokar cewa mace sai mace ce za ta koya mata, sai kotun tarayya a Missouri ta ce a 2014 wannan wariya ce, domin mata na daɗewa a layi maza na wucewa. Don haka kamfani ba zai tilasta ba, ke ce za ki nema da bakinki, kuma ki nema a rubuce tun kafin ki bar gida.

Abu Sumayya, Minneapolis:
Na gode Hajiya. Sabon Shiga, ni abin da zan ƙara na addini ne. Ka tambayi irin kayan da suke ɗauka. Masu tirela mai sanyi suna yawan ɗaukar naman alade, masu busasshen kaya suna ɗaukar barasa. A nan muna da 'yan uwa Somaliyawa da yawa a harkar, kuma biyu daga cikin irinsu ne kamfanin Star Transport na Illinois ya kora don sun ƙi ɗaukar barasa. EEOC ta tsaya musu, a 2015 aka yanke a biya su dala 240,000, saboda dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai aiki ya yi wa ma'aikaci sassauci a kan addininsa matuƙar ba zai cutu sosai ba. Amma kada ka jira sai an loda maka sannan ka ce ba ka ɗauka. Ka sanar tun ranar farko, a rubuce.

Salla kuwa, matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗawa, ka tambayi malaminka ya yi maka bayani daidai da halinka. Wahalar ita ce lokacin da kake ƙarƙashin mai koyarwa, shi ke cewa a tsaya ko a wuce. Juma'a za ta riƙa kuɓuce maka. Abincin halal a tashoshin manyan motoci irin su Pilot da Love's da TA sai dai kifi da ƙwai da kayan gwangwani, sai ko in ka dace da gidajen abincin 'yan Punjab da ke wasu hanyoyin. Sannan in akwai kuɗin ruwa a cikin yarjejeniyar, ka kai wa malami ya duba kafin ka sa hannu.

Direban Daf, Kano:
Salamu alaikum manya. Ni daga gida nake bin ku, ina ɗaukar kaya daga Legas zuwa Kano. Wallahi mamaki ya kama ni. Ƙasa da wata guda a ba mutum tirela? Mu nan sai ka yi shekaru kana yaron mota. Ka wanke ta, ka sa weji, ka ɗaure tamfol, ka cire taya, ka kwana a ƙarƙashinta kana gadin kaya. Sai maigidanka ya ga hankalinka sannan ya fara ba ka ka juya ta a gareji, daga nan ya ba ka a miƙaƙƙiyar hanya yana zaune a gefenka, idonsa biyu. Kafin ka karɓi makulli ka san kukan injinka. To amma ina tambaya, mu da muka iya aikin, akwai hanyar da kamfanin zai ɗauke mu daga nan? Akwai wani a Facebook da ke cewa yana yi wa direbobi biza.

Alhaji Mai Tirela, Columbus:
Direban Daf, sannu da ƙoƙari. Ni ma na yi yaron mota kafin in fito, kuma abin da ya cece ni ke nan a nan. Sai dai kada mu manta, a tsarinmu na gida akwai yaron da zai yi shekara bakwai yana bauta ba albashi, maigida ya ƙi sakin sa. Kowane tsari da inda yake cizo.

Batun biza kuwa, ka riƙe kuɗinka. Waɗannan makarantu na kamfani sai wanda ya riga ya shigo kuma yake da izinin aiki. Lasisin Najeriya ko na Nijar ko na Ghana ba ya aiki a kan babbar mota a nan, na Kanada da Meziko kaɗai ake karɓa. A watan Agustan 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da dakatar da bai wa direbobin manyan motoci bizar aiki. Wanda ya ce ka turo kuɗi ya yi maka, cinye wa zai yi.

Baban Ikram, Houston:
Ƙari a kan maganar Alhaji, har waɗanda ke nan abin ya shafa. A watan Satumban 2025 ma'aikatar sufuri ta fito da doka mai tsaurara bayar da CDL ga baƙin da ba su da katin zama na dindindin, har maganar ta kai kotu. Mai wannan katin, wato girin kad, da ɗan ƙasa ba su cikin wannan. Duk wanda takardar izinin aiki kaɗai gare shi, ya je ofishin lasisi na jiharsa ya tabbatar za a ba shi kafin ya ɗauki bashin kowa. Sannan tun watan Yunin 2025 jami'in duba motoci na iya sauke direba daga aiki nan take idan bai iya amsa tambayoyi da Turanci ko karanta allunan hanya ba. 'Yan uwanmu da suka yi karatu da Faransanci su ba wannan muhimmanci.

Ɗan Maraɗi, Greensboro:
Wannan gaskiya ne, muna da masu fama da shi a nan. Bari in koma kan albashi, don matar za ta faɗa maka babban adadi na shekara. Da mil ake biya, ba da awa ba. A ce sent 45 ne kowane mil, ka yi mil 2,000 a mako, dala 900 ke nan kafin haraji da cire-cire. Doka ta ba ka tuƙin awa 11 a cikin awa 14, sannan hutun awa 10, kuma kada ka wuce awa 70 a kwana 8. Na'urar da ke cikin motar tana ƙirga komai, tun 2017 anka wajabta ta, ba a yi mata wayo. In ka raba dala 900 da awa 70, bai kai 13 a awa ba, kuma babu kuɗin ƙarin lokaci, don dokar ƙwadago ta cire direbobin da ke ƙetare jihohi daga ciki. Ranar da anka ajiye ka awa biyar a bakin sito ana jiran a sauke kaya, agogonka na ci, taya ba ta juyawa. Ka tambaye su nawa suke biyan zaman jira, kuma daga awa ta nawa.

Shugaban Zaure:
Jama'a muhawara ta yi kyau. Tunatarwa kawai: wanda zai ba da labarin abin da ya same shi, kada ya kama sunan kamfani ko na mutum. Abin da kotu ta yanke kuwa ba laifi. A ci gaba.

Maman Hanif, Atlanta:
Abu biyu da na manta. In motar da ka yi gwaji da ita mai canza giya da kanta ce, za a buga maka alamar E a lasisi, ba ka da izinin tuƙa mai kulochi sai ka sake gwaji. Manyan kamfanoni kusan duk irin waɗannan motocin gare su yanzu, amma wasu ƙananan da masu aikin gine-gine har yanzu suna da ta hannu.

Na biyu, in abin ya gagara ka yanke shawarar bari, kada ka kuskura ka ajiye musu mota a tashar mai ka hau bas. Akwai rahoton da ake kira DAC, inda kamfanoni ke rubuta tarihin direba, kuma in aka rubuta cewa ka yasar da mota, ka shiga uku wajen neman wani aikin. Ka kai ta inda suka ce, ka ɗauki hotonta ciki da waje, ka karɓi shaida a rubuce. Haka nan duk abin da ka goga, ko ƙaramin ƙarfe ne a wurin ajiye motoci, yana iya shiga. In za ka yi ribas kana shakka, sauko ka duba, ko sau goma ne, ko ana yi maka hon.

Alhaji Mai Tirela, Columbus:
A nan kam ni da Ɗan Maraɗi bakinmu zai zo ɗaya: bayan 'yan watanni za su zo maka da maganar ka karɓi mota haya, kana biya kowane mako har ta zama taka. Ɗana, ko da wasa kada ka karɓa. Kai za ka sayi mai, kai za ka yi gyara, kai za ka biya inshora, su kuma su ne masu ba ka lodi, su ne masu motar. Makon da ba ka yi lafiya ba bashi na hawa. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya binciki wannan tsari, a farkon 2025 ya ba da shawarar a hana shi gaba ɗaya. Ga kasuwar ma ta sha wuya, a 2022 kuɗin lodi ya faɗi, a 2023 kamfanin Yellow da ke da ma'aikata wajen 30,000 ya rufe. Ni sai da na tara kuɗina na sayi tsohuwar mota a hannun dila.

Sabon Shiga, Bronx:
Na kira ta na nemi takardar. Da farko ta ce ba a bayarwa, da na ce to na fasa sai ga shi ta turo. Bashin ba ya raguwa sai an cika shekarar, kuma ko su suka sallame ni zan biya. To in ban bi ta nan ba, ina zan samu kuɗin makaranta?

Baban Ikram, Houston:
Hanyoyi na nan. Akwai tallafin koyon sana'a na gwamnati a ƙarƙashin dokar WIOA ta 2014, ana nema a cibiyoyin neman aiki. A birninku sunansu Workforce1, kuma akwai a Bronx. In ka cancanta suna iya biya maka makarantar, kuma ba bashi ba ne. Sai dai yana ɗaukar makonni, kuma sai sun amince kafin ka fara karatun, ba sa biyan abin da ka riga ka kashe. Kwalejojin al'umma ma suna koyarwa, sau da yawa da rahusa kuma da ƙarin lokaci a kan mota. Akwai kamfanonin da ke mayar wa wanda ya biya wa kansa kuɗin makarantarsa kaɗan-kaɗan kowane wata. Sannan kamfanoni irin su Old Dominion da Estes suna ɗaukar mutum aikin lodi a sito, yana karɓar albashi, daga baya su koya masa tuƙi. Wannan ta fi dacewa da mai iyali, domin yawancin aikinsu ba ya raba mutum da gida na makonni.

Ɗan Maraɗi, Greensboro:
Waccan takardar dai kada ka sa mata hannu. In ma ta kamfani za ka bi, ka kira uku ko huɗu ka kwatanta. Akwai waɗanda ke biyan ka tun ranar farko ta makaranta, akwai waɗanda bashinsu ke raguwa wata-wata.

Alhaji Mai Tirela, Columbus:
Na yarda, wannan sharaɗin ya yi tsauri, a nemi wani. Amma ina nan a kan bakana, in tallafin bai samu ba kada ka zauna, ka zaɓi mai dama-dama a cikinsu ka shiga, ka tanadi kuɗin hayar wata uku ka bar wa iyali. Ranar Laraba ina da lodi zuwa Newark, zan kwana a can. Ka same ni da littafin jarrabawar, in zagaya da kai jikin motar tun daga inji har fitilun baya, in nuna maka yadda ake gwada birkin iska. A wurin duba mota na ga sababbi sun fi faɗuwa, ba a wurin tuƙi ba. Zan turo maka lambata ta akwatin sirri, ka zo da takalmi mai rufi da safar hannu.